Rigar da Ake Jonawa: Wasiƙa daga Siyatil

Yaya, ƙanin naka yana nan lafiya ƙalau a Amurka, illa dai ya koma kayan wuta: kafin ya tayar da babur da safe, sai ya jona kansa tukuna.

A daina yi masa kurin sanyin Jos. A nan, idan ma'aunin sanyi ya tsaya a sifili, mutum kuma ya zuba gudun kilomita 100 a awa, iska takan sa jiki ya ji kusan digiri 11 ƙasa da sifili. Yatsu ne ke fara tafiya yajin aiki, alhali su ke riƙe da birki da kuloci. Rigunan gwanjon Ƙofar Wambai da ya taho da su, ko ya jibga su gaba ɗaya, iyakarsu su tsare ɗumin jiki. In ɗumin ya ƙare, ba su da na bayarwa.

Maganin kuwa daga yankin nan ya fito. A shekarun 1970, Gordon Gerbing, mai ƙera wa kamfanin jiragen sama na Boeing kayan ƙarfe, ya riƙa ganin ma'aikatansa suna isowa aiki a kan babur suna makyarkyata. Ya shiga gwaje-gwaje har ya dasa waya mai zafi a cikin tufa, ya haɗa ta da batirin babur. Har yau sunansa ake bugawa a jikin kayan.

Rigar shara-shara ce, siraran wayoyi sun bi ƙirji da baya da wuya da hannuwa. Dole ta manne da jiki, bisa 'yar riga marar kauri, sannan a ɗora babbar jaket mai tare iska. Wanda ya sa ta a kan suwaita, suwaitar ya ɗumama wa, Allah ya ba shi lada. Tana jan wutar da ta kai wat 70 zuwa 100, safar hannu kamar 25, ga maɓallin ƙarawa da ragewa. Babban babur ba ya ko tari. Ƙarami irin na 'yan acaɓa kuwa, in aka lafta masa riga da wando da safar hannu da ta ƙafa, batirin zai mutu ya bar mutum da turi, wanda shi ma, a yi masa adalci, yana kawo zufa.

Sabon shiga ana gane shi a gidan mai: ya dira ya nufi kanti, waya ta fizgo shi kamar akuya a turke. Sa'arsa ɗaya, an yi mahaɗin yadda zai zare da kansa.

Don Allah a kwantar wa Inna da hankali. Wutar bolt 12 ce, ba 230 irin ta Nepa ba, akwai kuma fiyus, ɗanta ba zai gasu ba. Kuma a nan ba a ɗauke ta sai mai ya ƙare.

A gaida su Baba da yara duka.

Naka,
Autan Inna