Les Ɗin Hajiya a Magama

Har yanzu hancina bai saki warin ba, shi ya sa na zauna rubutu. Les da shadda nake sayarwa a WhatsApp. Wata Hajiya ta turo kuɗin kayan lefen ɗanta cif-cif, ni kuma na yi oda daga Dubai. Kaya suka sauka Kwatano, suka hau mota zuwa Maraɗi. Sai sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka garƙame boda. Kayana suka kwanta a can, Hajiya kuwa ta tashi tsaye a nan. Kullum da asuba saƙon murya: "Ko kaya ko kuɗina."

Kuɗin kuwa sun daɗe da zama dala, dalar kuma ta yi fiffike. Sai na ga ai gani ya kori ji. Na hau mota daga Katsina zuwa Magama Jibia, inda tireloli suka yi layi, direbobi na barci a ƙarƙashinsu. Na zaɓi wadda ta fi kyan tamfol, na gyara mayafi, na danna kiran bidiyo.

Ashe gwaggonnin ango duk suna falon. Kawuna suka cika min waya.

"Hajiya, ga motar nan," na ce, ina bubbuga tamfol. "Sa hannu kawai ake jira. Har ƙamshin turaren nake ji daga nan."

Ƙamshin turaren. Da bakina na faɗa. Yaron motar da ya ji ana dukan tamfol ya zaci mai saye ya samu, ya taso da fara'a ya yaye shi gaba ɗaya. Albasa ce. Ruɓaɓɓiya, ta tsiro, tana tsiyayar baƙin ruwa, ƙudaje suka tashi kamar an kira sunansu. Hannuna na nan a sama inda tamfol ɗin yake ɗazu, murmushina ma bai samu labari ba. Netwok ɗin Jibia da ke yankewa ko gaisuwa kake yi, ran nan ya tsaya tangaran.

Shiru. Sai wata tsohuwa daga bayan Hajiya ta ce, "Kuma motar ma Maraɗi ta fuskanta."

Wani dattijo mai rake da ya bar ciniki yana kallo tun farko ya matso ya leƙa wayar.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ki yi haƙuri da yarinya. 'Yata, ki ce mata zafi ne ya mai da shi haka."

"Baba, les ne fa."

"To a ɗaga bikin mana. Ni sai da aka ɗaga nawa har damina biyu, ga mu nan lafiya lau da ita." Ya ɗan yi tunani, yana fere rake. "Ko ki kai mata buhu uku daga ta saman, ba ta gama lalacewa ba. Ai gidan biki ba ya ƙin albasa."

Yaron mota ya ce zai yi min ragi.

Hajiya ba ta kashe wayar ba. Ta dai juya ta ce wa wata, "Karanto mata lambar akawun."