Wasiƙar Jaje Zuwa ga Bazawarar Filadelfiya

Hajiya Waifai, ya ƙarin haƙuri?

Kwantar da hankalinki, ba zawarci ya kawo ni ba. Ni da ko datar wata ba na iya saye sai ta mako, ina ni ina riƙon mace irinki? Jaje na zo yi, ko da ya zo a makare.

Na ji cewa a 2004 mahaifinki, Magajin Gari John Street, ya yi shela cewa za ki lulluɓe birnin kaf, murabba'in mil 135, talaka da attajiri kowa ya sha intanet a iska. Magana ta yi daɗi. Sai dai an manta cewa hedkwatar kamfanin intanet na Comcast tana cikin garin nan, wato rumfar ƙosai aka kafa miki a ƙofar gidan mai ƙosai. Kamfanin waya na Verizon kuwa bai tsaya gunaguni ba, majalisar jihar Pensilbaniya ya nufa, kuma kafin shekarar ta ƙare Gwamna Ed Rendell ya sa hannu a dokar da ta hana gari sayar wa jama'a intanet sai ya fara yi wa kamfanin waya tayi ya ƙi. Ke aka ɗaga miki ƙafa. Ƙannenki na sauran garuruwan jihar tun suna zanin goyo aka ɗaure su.

Sai ga ango a 2005, EarthLink, ɗan Atlanta, baki kamar zuma. Ya ce iyayenki kada su kashe ko sisi: gado, katifa, jere, duk a wuyansa, har hayar turakun fitilun titi da zai rataya akwatunanki shi zai biya. Dangi suka yi ta guɗa. Ba a samu gwaggo ko ɗaya da ta yi tambayar da ake fara yi a kowane zaure a nan ba: yaron nan mece ce sana'arsa? Da an bincika, da an gane tsohuwar intanet ta layin tarho yake sayarwa, kasuwar da take watsewa a lokacin, kuma ke ce jarin da yake fatan zai tashe shi.

Gaskiya ɗaya ce, Hajiya, ke ma da naki. Kunya ta yi miki yawa. A titi muryarki raɗau, amma da an shiga gida sai ki noƙe. Gidajen Filadelfiya jan bulo ne, a jere manne da juna, ke kuma ba kya ratsa bango; ganyen bishiya ma kan sha gabanki. Mutum ya biya wajen dala 20 a wata, mai ƙaramin ƙarfi wajen 10, sannan ya tsaya bakin taga ya ɗaga kwamfuta sama kamar mai neman jinjirin watan Sallah. Maganin abin shi ne a ƙara akwatuna a kan turaku, kowane akwati kuma kuɗi ne, ga wuta, ga mai hawa tsani ya gyara. Masu biya ba su taru ba, cefane ya fi ƙarfin maigida.

A 2007 gidan mijinki ya yi sabon shugaba, Rolla Huff, ya sallami ma'aikata 900. Daga nan ai ko makaho ya san inda aka dosa. Watan Mayun 2008 takarda ta fito. Abin da ya fi ba ni tausayi, kyauta ya ce a karɓe ki, amma gidanku, a hannun sabon Magajin Gari Michael Nutter, aka ce a kai kasuwa. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya ba ka doki bai haɗa maka da ciyawa ba.

Na san irin wannan kyauta. A unguwarmu wani ɗan siyasa ya haƙa mana rijiyar burtsatse, aka yanka ƙyalle, maroƙa suka cika aljihu. Wata na bakwai wata 'yar roba ta cikin famfon ta tsinke, abin da bai kai kuɗin rumfar bikin ba. Shekara huɗu ke nan awaki ke shan inuwa a gindin tankin, allon sunansa kuwa ana sabunta masa fenti duk kakar zaɓe.

Naki ya fi namu sauƙi. Wasu 'yan kasuwar garin sun riƙe ki na ɗan lokaci, sannan a ƙarshen 2009 aka sanar birnin zai fanso ki da dala miliyan 2, ki koma yi wa hukuma aiki, kina ɗaukar saƙon ma'aikata da hotunan kyamarorin tsaro. An raine ki don ki shayar da gari, kika ƙare a 'yar aiken 'yan sanda.

In wasiƙar nan ta daɗe a hanya, laifin ba naki ba ne. A kan katangar maƙwabci nake tsaye, nan kaɗai sabis ke kamawa, kuma karensa ya farka.

Naki mai tausaya miki,
wani ɗan layin sayen data