Mafarautan Sakan a Filin Gokat

Gokat 'yar ƙaramar motar tsere ce mai kujera ɗaya, ba rufi ba ƙofa, direbanta kusan a ƙasa yake zaune. Wani makaniki, Art Ingels, ya fara haɗa ta a Kalifoniya a 1956, kuma a kanta manyan direbobi suka koyi sana'a: Ayrton Senna a Barazil, Michael Schumacher a Kerpen ta Jamus, Lewis Hamilton a Ingila tun yana ɗan shekara takwas. To amma yawancin masu cika filayen ƙananan kulob-kulob na Ingila ranakun Asabar da Lahadi 'yan sha'awa ne kawai, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'ya'yansu. Tambayarsu ɗaya: sakan nawa na yi a zagayen nan? Na'urar da ke faɗin gaskiya tana da tsada, don haka kowa ya nemo tasa dabarar, dabarar kuwa ta tona halin mai ita.

Na farko shi ne Baban Yaro. Yana jingine da shinge, agogon awo a hannu, babban yatsa a kan maɓalli. Ɗan Adam kan ɗauki kusan kashi biyu cikin goma na sakan kafin yatsa ya bi umarnin ido, alhali a wannan wasa kashi ɗaya cikin goma ya isa raba na ɗaya da na biyar. Abin mamaki, kuskuren Baba bai taɓa faɗawa kan ɗansa ba. In ɗansa ne tafe, yatsa ya riga motar isa layi. In ɗan maƙwabci ne, sai yatsa ya yi nauyi. Yaro na cire hular kwano zai ji: "Madalla, ɗana! Ka fi ɗazu."

Sai Ɗan Waya, wanda ya rantse ba zai kashe ko sisi ba. Ya sauke manhaja irin su RaceChrono, ya naɗe wayar da salatif a jikin sitiyari. Matsalar ita ce GPS ɗin yawancin wayoyi sau ɗaya yake duba wuri a sakan, motar da ke gudun kilomita 60 a awa kuwa tana cin kusan mita 17 a wannan tsakanin. Abin da ya faru a cikin mita 17 ɗin, manhaja ce ke cikewa da lissafi. Shi ya sa taswirarsa kan nuna ya yanke kwana ta tsakiyar shagon mai shayi. Da aka yi masa dariya ya sayo ƙaramar na'urar da ke dubawa sau goma a sakan tana turo wa waya ta Bluetooth. Tana aiki ƙwarai, duk ranar da ya tuna ya yi mata caji.

Ga kuma Injiniya, wanda ba ya sayen abin da zai iya haɗawa da hannunsa. Ya samo allon Arduino, ya dasa 'yar fitila a bakin hanya mai fitar da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, ya maƙala idon karɓa a jikin mota. Duk wucewa, agogo ya buga. A ɗakinsa da dare abin ba ya kuskure. A fili kuwa rana ma tana zubo irin wannan haske, ga wani can ya kafa tasa fitilar taku goma gaba. Sai ka gan shi durƙushe a bayan mota, kwamfuta a cinya, waya ja a baki, yana cewa saura kaɗan. Motarsa ta fi ta kowa tsabta, domin rabonta da kwalta an kwana biyu. In ya haɗa kuɗin abin da ya ƙona, da ya sayi ta kanti ya yi canji, amma wannan lissafin kaɗai ne ba ya yi.

Mai Maganaɗisu ya fi su sa'a, na ɗan lokaci. Filaye da yawa sun binne sandunan maganaɗisu a ƙarƙashin kwalta, na'urori irin na Alfano kuma suna jin su ta ƙasan mota. Dole ne ka gaya wa na'urar sanduna nawa ke filin. Shi bai tambaya ba, ya bar ta a kan ɗaya alhali uku ne. Zagayen da gwanaye ke yi a sakan hamsin sai allonsa ya nuna goma sha bakwai. Ya sauko yana taku ɗaiɗai, har ya fara ba wasu shawarar yadda ake shan kwana.

Ma'ajin kulob shi ne Mai Sitika. Ya ga ana liƙa wa masu gudun famfalaki 'yar takarda mai ɗauke da guntun lantarki ba batir, ya ce ga araha ta samu, ya liƙa wa motocin kulob. Sai dai ƙarfen mota yana dagula saƙon, kuma in motoci biyar suka keto layi a dunƙule, na'urar kan karanta huɗu ta manta da ɗaya. Wanda aka manta da shi kullum shi ne mafi faɗa a kulob. Araha dai ba ta ado.

Na ƙarshe Ɗan Aro. Ya san ranar gasa ta gaske akwatin MyLaps na ƙasar Holan ake ɗaurawa, wanda wayar da aka binne a layin ƙarshe ke jin wucewarsa har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Saye da biyan kuɗin rajista sun yi masa yawa, sai ya ari na abokinsa, ya manta bai canza suna a ofis ba. Ranar ce ya yi gudun da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, aka rubuta wa abokin da ke gida yana barci.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da yamma alƙalin gasa kan fito da takardar sakamako ya kafe a allo, su shida su yi cincirindo. Baba ya dubi agogonsa ya dubi takarda, Mai Maganaɗisu ya nemi sha bakwai ɗinsa ya rasa. Mutanen da suka wuni suna musu a kan na'urar wa ta fi, nan take bakinsu ya zo ɗaya: lallai wayar nan da aka binne a ƙarƙashin layi ta samu matsala, ya kamata kulob ya sa a duba ta.