Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Wayar Hannu

Ranki ya daɗe, Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan kina cike da caji, sabis kuma bai ɗauke miki ba, na rubuto in sanar da ke cewa an sake shigar da ƙararki. Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ko na WAEC ya fito, sai iyaye da malamai da masu wa'azi su haɗu a kan magana ɗaya, wai ke kika kayar da yara. Abin dariyar, a cikinki ake rubuta ƙarar, a cikinki ake yaɗa ta, masu tsine miki a Facebook kuma sai ƙarfe ɗaya na dare suke ajiye ki. Tunda ba wanda ya tsaya jin ta bakinki, bari in auna tuhumar da hujja, in ware miki naki laifin, in mayar wa kowa nasa.

Babbar hujjar masu ƙara ita ce ta 2025. Ɗalibai sama da miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar shiga jami'a, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Kafin a gama karanta alƙaluman har an yanke miki hukunci. Sai ga shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ranar 14 ga Mayu a gaban 'yan jarida yana hawaye, yana amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, dole aka sake musu jarrabawa. Bayan mako biyu takardar Turanci ta WAEC ta makara har dare ya yi, ɗalibai a wurare da dama suka rubuta da tocila da kyandir, wasu ma da hasken fitilarki, ke da aka haramta wa shiga ɗakin. A watan Agusta hukumar WAEC ta sanar cewa kashi 38 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen duba takardu, adadin ya koma kusan kashi 63. An ba ɗalibai haƙuri, an ba iyaye, ke kuwa ko sannu.

Faɗuwar ma ta girmi yawancin 'ya'yanki. A 2009, lokacin babu TikTok a duniya, kusan ɗalibi ɗaya cikin huɗu ne ya sami wannan kiredit biyar a WAEC. Masu laifin wancan zamani suna nan da ransu: aji mai ɗalibai ɗari da malami ɗaya, ɗakin gwajin kimiyya da ba komai sai ƙura, malamin Turanci da aka ɗora wa Lissafi don babu wani. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, alhali akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa linzaminta. Ana ba su tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace, a zaɓi ɗaya cikin huɗu a wuce. Jarrabawar da ke neman saurin ido da saurin yatsa haka, ai kamata ya yi ta biya ki kuɗin darasi, don ba abin da kike koyarwa sai su. Ita kanta hukumar ba ta yi wa yaro rajista sai ya tura lambar NIN ta cikinki zuwa 55019, sakamakonsa ma ta bakinki yake fara jin sa.

To amma kada ki yi guɗa tukuna, Hajiya, ba a nan gizo ke saƙa ba. Makaranta uwargida ce, ke amarya, laifinki kuwa satar kwana. Likitoci sun ce matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, ke kuma kin haɗa baki da kamfanonin sadarwa an karya farashin datar dare, daga tsakar dare zuwa asuba, daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Bidiyonki ba su da ƙarshe, da gangan aka ƙera su haka, ɗaya na ƙarewa wani na tashi ba a tambaye shi ba. Uwargida sau ɗaya a zango take cewa yaro ya yi ƙoƙari, shi ma da jan biro, ke kuwa kowane minti kina raba yabo. A zaurukanki na WhatsApp da Telegram ake tallar satar amsa, a karɓi kuɗin yara, sau da yawa a ba su takardar bogi. Ranar fitar sakamako kuma ki ɗauki makin mai 300 ki liƙa a sitatus, mai 160 ya kwana yana ganin kansa banza, alhali a 2025 maki 150 aka tsayar mafi ƙanƙanta na shiga jami'a. Masu kare ki suna cewa ke kayan aiki ce kawai, laifin na mai riƙewa ne. Wannan ba ta karɓuwa, domin kayan aiki ba ya tashin mai shi ƙarfe biyu na dare ya ce zo ka ga wani abu.

Saboda haka wasu suka ce a ba ki takardar saki kowa ya huta. Suna da abin kafa hujja: Faransa ta hana ki shiga firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, rahoton UNESCO na 2023 ya ba da shawarar a taƙaita ki a makarantu, Ostareliya kuma a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga kafafen sada zumunta. Hana ki shiga aji daidai ne, ba ni da ja a kai. Sai dai waɗannan ƙasashe sun kore ki ne daga ajin da ke da malami da littafi da lantarki. A gidaje da yawa na Nijeriya ke ce ɗakin karatun da ake da shi: tsofaffin tambayoyi, darasin Lissafi a YouTube, ƙamus. In aka ƙwace ki ɗungurungum, ɗan mai hali zai koma kan kwamfutarsa da malamin lesin, ɗan talaka ya koma zaman banza, ajinsa kuma na nan da mutum ɗari.

Hukuncina shi ne a yi rabon kwana, kuma manya su tsaya a kansa. Lokacin aji ba naki ba ne. Daga ƙarfe goma na dare ki kwana a ɗakin iyaye, tare da wayar uban da ta uwar, don dokar da mai gida bai bi ba yaro ba zai bi ta ba. Gwamnatoci su ɗauki malamai, su sa kwamfuta a makarantu kafin su jarraba yara da ita, hukumomin jarrabawa kuma su gwada na'urorinsu kafin su gwada 'ya'yan mutane. Duk wanda bai sauke nasa nauyin ba, ba shi da bakin kiran sunanki ranar da sakamako ya fito.

Ki huta lafiya, in kina hutawa.

Naki,
Mai neman a yi wa kowa adalci.