Gini Ya Kai Linta

Da wuya ka sami ikilisiya a Arewa, ta ECWA ce ko COCIN ko EYN ko HEKAN, da ba ta taɓa yin ginin da ya kai linta ya tsaya ba. Rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta cika inda bagadi zai zauna, awakin unguwa suna kiwo a ciki. Sai dattawa su zauna su ce a ƙaddamar da gidauniya. A buga kati, a ɗauko hayar rumfa da kujeru, 'yan'uwa su hallara, kowa da halinsa.

Sarkinsu shi ne Babban Mai Ƙaddamarwa. Kati ya ce ƙarfe 10, shi kuwa sai ƙarfe 2, bayan mawaƙa sun rera duk abin da suka iya har sun koma farko, shinkafa ta huce. Ba ya zuwa shi kaɗai: ga mai riƙe masa waya, ga mai buɗe mota, ga wani da ba a san aikinsa ba sai an zo rabon abinci. Da ya karɓi makirufo zai ce shi ba mai yawan magana ba ne. Daga nan za mu ji yadda kakansa ya ɗauki laka a ka zamanin Turawan mishan, da yadda shi kansa ya yi makarantar Lahadi ba takalmi. Can sai ya sassauta murya: "A madadina, da uwargida, da yara, da abokaina na Abuja da ba su sami zuwa ba..." Ya dakata, ya kurɓi ruwa, ya dubi Fasto. "Naira miliyan 5!" Guɗa ta tashi, Zumuntar Mata suka hau tulunansu da kiɗa. Cikin hayaniyar nan zai sunkuya ya ce wa ma'aji, "Ka same ni a ofis ranar Litinin."

Wannan Litinin ba ta cikin kalanda. Oga yana taro, oga ya tafi Abuja, oga ya dawo amma ya gaji. In ma ya cika, sai bayan shekara biyu, kuma wanda ya yi alkawari a 2022 ya kawo a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, rabin bangon da ya yi alkawari ya kawo. Duk da haka shi za mu sake gayyata, don sunansa ke cika rumfa, ga shi kuma ya iya gaisuwa.

Sauran ƙananan ma'aikata ne. Akwai mai ambulan a liƙe, wanda ke cewa abin da ke ciki tsakaninsa da Ubangiji ne. In an buɗe sai a gane dalili. Akwai ɗan tiransifa, wanda ya sami mafaka tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023: zai nuna maka fuskar waya, ya ce natwok ne, har yau alat bai shigo ba. Akwai gwanin gwanjon ranar godiya, mai ɗaga kuɗin zakara har ya kai na akuya, sannan waya ta kira shi waje. Ga injiniyan baki, wanda bai taɓa kwaɓa siminti ba amma ya ga ginshiƙi a karkace. Mu 'yan kwamiti kuma, masu rubuta sunaye, kowa ya san hannu ɗaya na riƙe da littafi, ɗaya da biro, babu na ukun da zai shiga aljihu.

Duk waɗannan ina iya zama da su in yi dariya. Wanda ba na iya haɗiyewa shi ne mai sanarwar da ke auna tafi da kuɗi. Mai miliyoyin baki a yi masa tafi bakwai da guɗa. Sai ga tsohuwa mai sayar da daddawa ta taso a hankali, ta kwance bakin zane, ta miƙa naira 500. Ya ɗaga takardar sama kowa ya gani: "Haba Mama, wannan ai ko ƙusa ba za ta saya ba, a ƙara mana!" Jama'a su kwashe da dariya, ita ma ta yi murmushin dole ta koma kujerar baya. Matar nan ita da 'yan'uwanta na Zumunta suka jido ruwa da yashi a ka ranar zuba harsashi, tun asuba har rana ta take, shi yana gida. Kuɗinta a hannu suke, ma'aji ya ƙirga su a ranar. Abin haushi, wannan mai sanarwa shi ke koya wa yara labarin gwauruwa da aninanta biyu.

An kawo maganarsa a zaman kwamiti, cewa a karɓe makirufo daga hannunsa. Dattawa suka ce a yi haƙuri, ya iya sa mutane nishaɗi. Sunansa na nan a katin gidauniyar rufi.