Haddar Turanci a Kalakla

A gidan yayata da ke Kalakla, kudu da Khartum a kan hanyar Jabal Auliya, akwai ɗanta, saurayin da ya sauke Alƙur'ani tun gemu bai tsiro masa ba. Don haka da ya ƙudurta zuwa Amurka yin digiri na biyu a 2016, ba wanda ya yi shakkar ƙwaƙwalwarsa. Turancin ne ya gagara. Ya taso bayan 1990, lokacin da gwamnati ta mayar da karatun jami'o'in Sudan zuwa Larabci, har da Jami'ar Khartum wadda ta tsiro daga Kwalejin Gordon ta 1902. Hausa a gida, Larabci a titi, Turanci kuwa sai a jikin kwalin magani.

Jarrabawar da ke gabansa ita ce GRE, wadda hukumar ETS ta Amurka ke shiryawa. Kuɗinta a lokacin wajen dala 200 ne, kuma saboda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan tun 1997, katin bankin waje ba ya aiki a ƙasar a wancan zamani. Sai da aka roƙi wani ɗan'uwa a Jidda ya yi alkawarin biya, da sharaɗin yaro ya fara nuna ƙwazo.

Ƙwazo kam ya nuna. A wajen masu baza littattafai a ƙasa kusa da Suk al-Arabi ya tsinci wani ƙaton littafi, bangonsa ya yage, takardunsa sun yi ja, cike da dubban kalmomi jere daga A. Mai sayarwa ya rantse cewa da shi likitoci suka ci jarrabawa. Yaro ya so ya yi amfani da allonsa, uwar ta ce sai dai bayan ranta, sai ya koma littafin rubutu. Amma hanyar ba ta sake ba: da asuba ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, yana rangaji yana rera kalmomi, da dare ya yi tilawa. Wata tsohuwar maƙwabciya da ta jiyo gunjin ta katanga ta aiko masa da kwanon ful, ta ce ya sa gwiwarta a cikin wuridin.

Cunkoson hanyar Kalakla ma ya zama aji. Daga tashar Jakson zuwa gida mutum kan yi barci ya farka bai iso ba, shi kuwa ga kai a littafi. Kwandasta ya yi ta ƙyasta masa yatsa yana neman kuɗin mota, bai ji ba, har mota ta wuce Laffa, inda yake sauka, da shi ba sau ɗaya ba. Inda ya fi gwanancewa shi ne kawo kishiyar kalma da haɗa kalmomi biyu masu dangantaka. A nan ya yi wa dangi alkawarin maki 700 daga cikin 800.

Ranar gwaji ya je shagon intanet a kasuwar Laffa, ya jira aka dawo da wuta, ya buɗe jarrabawar gwaji ta kyauta da ETS ke bayarwa. Ya duba sama ya duba ƙasa, babu kishiya ko ɗaya. Sai dogayen nassoshi a kan tarihi da kimiyya, da jimloli masu gurbi biyu ko uku, waɗanda in ka kuskure gurbi ɗaya duk tambayar ta tafi. Kalmomin duk ya san su, har lambar shafin da suke. Abin da suke yi a cikin jimla ne bai sani ba.

Kwamfuta ta ce 141.

A littafinsa an rubuta cewa mafi ƙarancin maki 200 ne. Ya shigo gida jiki a sanyaye, ya durƙusa ya ce, "Kawu, wanda bai amsa komai ba ma ya fi ni da 59." Uwar ta soma salati, tana cewa wannan ba banza ba, hannu aka sa wa ɗanta.

Wani abokin karatunsa ne ya warware zancen washegari. Tun watan Agusta na 2011 aka sake fasalin jarrabawar, aka cire tambayoyin kishiya da na dangantaka, aka mayar da maki tsakanin 130 da 170. Littafin tsohon yayi ne. Gida ya ɗauki guɗa, har sai da ƙanwarsa 'yar firamare ta cire 130 daga 141 da ƙarfi a gaban kowa.

Ya koma Suk al-Arabi a fusace. Mai littattafai ya ce ciniki ya riga ya faɗa, amma tunda shi abokin hulɗa ne, ga na jarrabawar TOEFL zai sakar masa da araha, har da kaset guda huɗu.