Takarda Zuwa Ga Sarkin Ruwan Fulorans

Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa Neptune,

Ya tsayuwa? Ya dawakan nan huɗu da ke jan kekenka ba su taɓa gusawa ba? Ya kuma fama da tantabaru?

Jaje na zo yi maka. Duk baƙon da ya shigo dandalin Signoria, wurin maƙwabcinka gunkin Dauda yake nufa, kai sai in an gaji a jingina kusa da kai a sha iska. Abin ba yau ya fara ba. Tun da Bartolomeo Ammannati ya fito da kai a 1565, lokacin bikin Francesco ɗan Cosimo de' Medici, mutanen gari ba su yi na'am da kai ba. Suka laƙaba maka Farin Ƙato, suka riƙa yi wa masassaƙinka ba'a wai ya ɓarnatar da dutse mai tsada. Bawan Allah, gadon aikin ma ya yi, don wani masassaƙi Bandinelli aka fara ba, ya rasu a 1560.

Amma ranka ya daɗe, tsakani da Allah, me ya kai sarkin teku garin da ba teku? Ruwan Fulorans bai wuce kogin Arno ba. Cosimo ne ke da burin jiragen ruwa, har ana cewa fuskarsa aka ɗora maka. Ka ga ke nan aikin fadanci aka ɗauke ka tun farko.

Talakawa kuwa ba ruwansu da sarautarka, ruwanka suka gani. Suka mai da kwamin da kake tsaye a ciki wurin wanki, sai da hukuma ta kafa allon dutse a bangon fadar Palazzo Vecchio a 1720 tana hana wanke tufafi da gidajen tawada a ƙafafunka. Gidajen tawada fa! Ina hango akawu ya duƙa da sassafe yana ɗauraye nasa, ruwan yana baƙi, kai kana sama ka ƙame kamar ba ka gani ba.

A 1830, ana cikin shagalin bikin Carnival, aka sace ɗaya daga cikin yaranka na tagulla. A 2005 wani ya hau ka da dare ya karya maka hannu. Da ƙyar aka yi maka wankan kirki aka gama a 2019, shi ma da kuɗin kamfanin Ferragamo, masu takalma, alhali kai ko silifa ba ka da shi. Ba a jima ba, a 2023, wani Bajamushe ya sake hawa don hoto kawai, ya ɓantare gefen kekenka.

To ga abin da nake so ka riƙe. Daudan nan da ake rububinsa ba shi ba ne. Na ainihi, wanda Michelangelo ya sassaƙa, an shigar da shi ɗaki tun 1873, yana can cikin inuwa sai an sayi tikiti ake ganinsa. Wanda ke gefenka wakili ne da aka kafa a 1910. Kai ne ka sha rana da sanyi da kanka, ba hutu ba fansho.

Saboda haka duk ranar da hukuma ta zo da maganar yi maka wakili, kada ka sauko sai an biya ka bashin tsayuwa tun daga 1565, kuma a rubuce.

Naka mai biyayya,
Wani mai wucewa